Lauya Hodi da Bizar Wankan Jego

A unguwar Nassarawa ta Birnin Kebbi akwai wani mutum mai suna Hodi, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana masinja a kotu. Aikinsa duka shi ne ya ɗauki fayil daga ɗaki na biyu ya kai ɗaki na biyar, in an gama ya mayar. Bai taɓa buɗe ko ɗaya ya karanta ba, wannan kuwa amana ce, ba a raina masa ita. Amma da ya yi ritaya sai ya yanke a ransa cewa tun da a hammata yake ɗaukar fayil, to shari'a ta daɗe tana shiga jikinsa ta nan. Ya sayi baƙar kwat a gwanjo, ya sayi jaka mai makulli, ya fara amsa sunan Lauya Hodi. Masu shayi ne suka laƙaba masa don dariya, shi kuwa ya ɗauka digiri ne.

A sha'anin ƙasashen waje ma ba a ja da shi. Ya taɓa ƙetare iyaka ta Kamba, ya yini a Nijar wurin biki, ya dawo kafin magariba. Kuma duk sanda mota ta bi da shi ta Ambursa yakan leƙa filin jirgi ta taga.

Hodi yana da yaya a Argungu, Sauda, mai sana'ar bandar kifi. Ɗanta na fari, Zulkifli, ma'aikacin jinya ne a wata ƙasar Turai, shekara shida ke nan bai taka gida ba. Matarsa Riskuwa, da ke can tare da shi, tana da cikin fari, saura wata biyu da 'yan kwanaki, ga shi mahaifiyarta ta rasu. Babu mai dafa mata ruwan wanka, babu mai dama mata kunun kanwa. Zulkifli ya aiko da takardar gayyata, ya ce a kai Inna wurin Barista Rauda, lauyar da ke aikin biza a Birnin Kebbi, a yi sauri ta isa kafin haihuwa.

Hodi ya ce shi zai raka ta, don kada a cuce ta.

Barista Rauda ta ba su kujera, ta duba takardun ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, “Inna, abin ba wuya. A rubuta gaskiya kawai. Ziyara za ki, ba aiki ba. A nuna kina da gida da sana'a da za su maido ki. Amma lokaci ya ƙure, in aka ƙi wannan ba za a samu wata ba kafin haihuwa. To, mene ne sunan wanda ya gayyace ki?”

Sauda ta ɗaga kai ta dubi fanka.

“Wancan,” in ji ta.

“Wa?”

“Ɗiyan Ummu Hani.”

Ummu Hani goggon Zulkifli ce, ita aka miƙa wa shi ranar yaye. Sauda kuwa, shekara talatin da huɗu, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Akwai wani tela a bakin kasuwar Argungu mai irin sunan, shi ma “mai keke” take ce masa.

Rauda ta yi murmushi. “Ɗan fari ne ke nan. Ba komai, takardar haihuwa za ta faɗa a madadinki. In an kira ki aka tambaya, ki ce al'adarmu ce, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, su duba takarda.”

Hodi ya yi gyaran murya irin wadda ya daɗe yana jin alƙalai suna yi.

“Ɗiyata, shekararki nawa ga shari'a?”

“Tara, Baba.”

“Tara! Ni sai da na shekara tara kana na san inda bayin kotu yake. Ke za ki tahi ki ce wa Bature kunya? Bature ya san kunya? Mutumin da ka yawo da gajeren wando gaban surukai nai?”

“Baba, wace shari'a ka taɓa yi?”

“Duk wadda anka yi, ni na kawo ta.”

Ya miƙa hannu ya ɗauke fayil ɗin daga kan tebur, ya saka a hammata. Nan take ya ji ya dawo gida. Sauda ta bi bayansa, don a ganinta ba a barin ɗan'uwa a bi bare, ko da baren ta yi karatu.

Daga nan sai shagon kwamfuta. Hodi ya zauna ya harɗe ƙafa, yana faɗa ana bugawa. Da aka zo kan dalilin tafiya, mai shagon ya ce, “In sa ziyara?”

“Ziyara ta marasa aikin yi ce. Rubuta: ƙwararriya ga fannin jego, shekara arba'in tana aiki, an ɗauko ta takanas ta yi aikin kwana arba'in.”

“Lauya, na ji an ce bizar ziyara ba a aiki da ita.”

“Kai ka ji. Ni na sani. Buga.”

Ya sa aka haɗa da jerin kayan aiki: gangar dafa ruwa ɗaya, kanwa, damin ganyen darbejiya, da tambaya cikin ladabi ko ƙasar tana da itace ko a taho da shi.

Saura abin da zai nuna za ta dawo. Sauda tana da gidanta, da bandarta, da awaki tara. Hodi ya ce aika wa Turawa hoton akuya cin mutuncin dangi ne. Ya sa mai fenti ya rubuta allo babba: GONAR HAJIYA SAUDA, ARGUNGU, EKA ARBA'IN. Sauda ba ta taɓa zuwa hajji ba, ba ta kuma da ko kunya ɗaya ta shinkafa, amma ba ta karanta boko, don haka ba ta yi gardama ba. Ya ce mata za su Gulma duba mara lafiya. Ya ɗauko maƙwabciyarta Ma'u, wadda ba a tari a unguwar ba ta ɗauka a wayarta ba, don ta yi hoto.

A fadamar Gulma ya zaɓi gonar da ta fi kowace kore, ya kafa allon, ya tsayar da Sauda kusa da shi.

“Yaya, yi fuskar mai eka arba'in.”

“Ina mara lahiyar?”

“Shina nan tahe.”

Wanda ya taho lafiyarsa ƙalau. Labbo ne, mai gonar, ya fito daga cikin shinkafa da lauje a hannu.

“Mi an nan?”

“Sha'anin ƙasa da ƙasa ne, Malam. Ba za ka gane ba.”

“Ƙasar dai tawa ce, ta ubana ce, ta kakana ce. Wa ad da allo?”

“Aro munka yi na minti biyu. Doka ta yarda.”

“Wace doka?”

“Sashe na… tana da sashe.”

Labbo ya ɗaga murya ya kira maƙwabtan gona, ya ce ga 'yan birni sun zo da kwat za su cinye masa gado. Hodi ya ja da baya cikin mutunci, taku ɗaya, taku biyu, na uku ya same shi a cikin hanyar ruwa har ƙugu. Ya fito da takalmi ɗaya. Suka bar Gulma da hoto mai kyau, suka bar wa Labbo allo mai ɗauke da suna da gari.

“Kin gani?” in ji Hodi a hanya, ruwa na ɗiga daga kwat ɗinsa. “Da waccan yarinyar ce, da yanzu hoton akuya muke.”

Aka tura takardu, aka je Abuja Sauda ta dangwala yatsu, aka dawo. Bayan mako uku saƙo ya shigo wayar Hodi, don lambarsa kaɗai ya rubuta: za a kira mai neman biza ranar Alhamis da ƙarfe goma sha ɗaya, a yi mata 'yan tambayoyi.

Ya tare a Argungu tun Litinin don ya koya wa Sauda faɗin suna. Ya lallaɓa, ya yi faɗa, ya ce ta rufe ido ta ɗauka wani take kira. Ya ce ta faɗi rabi, ta sha ruwa, ta faɗi rabi.

“Rabin ma nashi ne,” in ji Sauda.

“Yaya, biza hwa!”

“Barista ta ce in hwaɗi al'ada ce.”

“In kika hwaɗi haka, su ce ba ke kika haihe shi ba. Ba ruwana.”

Wannan maganar ta zauna wa Sauda a ƙirji. Ta daina cin abinci sosai. Ta riga ta ɗaure kanwarta a leda uku, ta ɗinka wa jariri riguna, ba ta dai gaya wa kowa na wane ne ba.

Ran Laraba dabara ta faɗo wa Hodi, irin wadda ba ta faɗo wa mai hankali. Waya ce, ba a ganin fuska. Ummu Hani tana kiran sunan Zulkifli sau hamsin a yini. To me zai hana ta amsa a matsayin Sauda? Ya aika aka ɗauko ta. Ya bi ta da karatu har la'asar: “Ke ce Sauda. Ke kika haihe shi. Kina da gona.” Ummu Hani ta gyaɗa kai, tana jan carbi.

Nasara irin wannan ba a yin ta a ɗaki. Ran Alhamis tun da safe Hodi ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ya aro lasifika daga wani mai tallan maganin basir. Ya sa aka ɗora ganga a murhu, aka cika ta da ruwa, aka jiƙa damin darbejiya, wai ko Turawa za su ce a kunna hoto su ga kayan aiki. Sannan ya zauna yana kiran mutane ɗaya ɗaya a waya su zo su ga yadda ake magana da ƙasashen waje. Tun daren jiya babu wuta a unguwar. Wajen ƙarfe goma wayar ta fara ƙara tana nuna ja.

“Lauya, cajinka,” in ji Ma'u.

“Ba caji ba ne. Su ne ka gwada layi.”

Masunta suka zo, mata suka cika zaure, mai shayi ya matso da teburinsa. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti huɗu waya ta yi ƙara. Hodi ya miƙe, ya gyara kwat, ya kanga wayar a bakin lasifika, ya fara jawabin Turancin da ya kwana uku yana haddacewa. Ya kai wajen gaishe da shugaban ƙasarsu da iyalansa sai wata muryar mace ta katse shi da Hausa tsantsa.

“Malam, da Hausa za mu yi. Wane ne kai?”

“Lauyanta.”

“Masinja ne!” in ji wani daga bayan taro. Lasifikar mai maganin basir ba ta da rowa, ta kwashe ta kai.

“A ba ni Sauda, don Allah.”

Hodi ya tura Ummu Hani gaba.

“Ke ce Sauda?”

“An ce ni ce.”

“Wa ya ce?”

“Ni ce, ni ce,” in ji Ummu Hani, don Hodi yana zare mata ido.

“Mene ne sunan wanda za ki wurinsa?”

“Zulkifli! Zulkifli nawa!”

Hodi ya juya ya dubi jama'a, ya buɗe hannuwa, kamar mai jiran tafi.

“Ke kika haife shi?”

Ummu Hani ta tsaya. Ta dubi carbinta. Matar da ta shekara talatin tana jira a tambaye ta wahalar da ta sha, yau ga lasifika.

“Ɗiyata, bari in hwaɗa miki. Ni na yaye shi. Ni na goya shi. Da ƙyanda ta kama shi ni na kwana bakwai ban runtsa ba. Ni na kai shi makaranta, ni na biya mai kaciya. Haihuwa dai, wagga ta yini guda, ita Sauda ta yi.”

“To ke wace ce?”

“Ummu Hani mana! Kowa ya san ni.”

Mai shayi ya ajiye buta don kada ya ƙone. Hodi ya fizge wayar.

“Ranki ya daɗe, tsufa ne. A wuce wannan. A tahi ga batun dukiya.”

“To. An rubuta tana da gonar shinkafa eka arba'in.”

“Ƙwarai. Har ta hi.”

A daidai nan taro ya dare. Labbo ne, ya fi mako uku yana cigiyar Hajiya Sauda ta Argungu, yau ya ji ana shelar sunanta a lasifika tun daga bakin tasha. Ya shigo da allon a kafaɗa, ya dire shi gaban Hodi.

“Ga shi! Ga mai takalmi guda! Wa ka cewa eka arba'in? Eka ukku ce da rabi, kuma tawa ce!”

“Wane ne wannan kuma?” in ji muryar.

“Manajan gonar ne,” in ji Hodi.

“Manajan uwaka!”

“Malam,” in ji muryar, ba ta ɗaga ba, ba ta sauke ba, “an kuma rubuta aiki za ta je yi, an haɗa da ganga. Ina son in yi magana da Sauda ita kanta, in akwai ta.”

Sauda ta tashi daga inda take zaune a bakin zaure. Ta miƙa wa Hodi hannu kawai, ya ba ta. Ta riƙe wayar da hannu biyu a bakin lasifika.

“Ni ce Sauda. Ban je hajji ba. Ba ni da gona. Ina da gida, da banda, da awaki tara, guda na da ciki. Ba aiki za ni ba. Yarinya ce za ta haihu, ba ta da uwa, ba mai dahwa mata ruwa. In ta yi arba'in in dawo ga kihina.”

“Na gode, Inna. Saura abu ɗaya. Mene ne sunan ɗanki?”

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar ruwan ganga. Duk macen da ke nan ta san abin da aka tambaya. Maganar Barista ta zo wa Sauda, maganar Hodi ta ture ta: su ce ba ke kika haife shi ba. Ta dubi ƙasa. Ta gyara mayafi. Aka yi minti guda cur, wasu sun ce biyu. Sannan ta runtse ido, ta ce a hankali, kamar mai taka ruwan da ba ta san zurfinsa ba:

“Zulkifli. Sunansa Zulkifli. Ni na haihe shi.”

Lasifikar ta ɗauka ta kai har bakin gulbi. Tsofaffi suka rufe baki da mayafi. Ummu Hani ta fashe da kuka. Aka saurara a ji amsa.

Ba amsa.

Ma'u ta leƙa. “Inna, wayar ta mutu. Tun kina gyaran mayahi.”

Sauda ta dubi baƙin gilashin wayar. Ta ajiye ta a kan tabarma a hankali. Hodi ya yi gyaran murya.

“Wannan alama ce mai kyau. In sun gamsu, haka suka kashewa.”

Sauda ta taka zuwa murhu, ta zaro damin darbejiya daga ganga yana tururi, ta karkaɗe shi sau ɗaya yadda ƙwararru suke yi.

“Yaya, akwai doka.”

“Labbo, riƙe mini shi.”

Labbo bai taɓa jin umarnin da ya yi masa daɗi kamar wannan ba. Aka yi wa Lauya Hodi wankan jego a ƙofar gida, da kwat a jikinsa, gaban masunta da mai shayi da mai maganin basir da ya zo karɓar lasifikarsa. Sauda ba ta tsallake ko'ina ba, ta ba hammata kulawa ta musamman. Matan zaure suna ƙirga masa, suna cewa saura kwana talatin da tara.

Takardar ƙi ta iso bayan kwana tara. Riskuwa ta haihu ran sha biyu ga wata, mace. Zulkifli ne ya riƙa dafa ruwa a butar lantarki, Sauda tana ba da umarni ta wayar Ma'u kowace safiya: “Ki ce wa wancan ruwan bai yi zahi ba.” Kanwar tana nan a leda uku. Barista Rauda ta karɓi fayil ɗin, ta cire hoton gona, ta sa na awaki, ta ce a yi haƙuri, wataƙila a samu kafin yarinyar ta fara rarrafe, wataƙila kuma a'a.

Ma'u kuwa, kamar yadda ta saba, ta ɗauki komai tun daga jawabin Turanci har wanka. Gari ya ɗauki ɓangaren wanka, har masu shayin Nassarawa suka sauya wa Hodi digiri, ya koma Mai Jego. Ɓangare ɗaya kawai, na daƙiƙa bakwai, inda Sauda ta kira sunan, ta yanke ta tura Turai. Riskuwa ta ce Zulkifli yakan kunna shi a mota kafin ya shiga aiki, ya zauna, sannan ya fita.

Da labarin ya zo wa Sauda sai ta juya kifinta a kan banda, ta ce, “A ce wa wancan ya goge.”

Bai goge ba.

Hodi ma ya ji, a teburin mai shayi, wuyansa na sheƙi da man ƙunar da ake shafa masa. Ya ajiye kofi ya dubi jama'a.

“To, ku hwaɗa mini. Duk ƙasar Kabi, wane lauya ya taɓa sa uwa ta kira sunan ɗan fari ga lasihika?”

Ya ɗauki jakarsa ya tambaya ko akwai mai ɗan'uwa a waje.